Zumunta a ƙafa take: har yau haka ne?

Mai ɗinki, Nima (Accra, Ghana): Salama gare ku. Ran Lahadi bayan sujada an sanar cewa wata gwauruwa a ikilisiyarmu tana kwance a garin Ashaiman, kusa da Accra. Nan take aka yi ta turo kuɗi ta MoMo, wato ta waya, har abin ya yi auki. Da na tambayi wa zai je dubiya, kowa ya sunkuyar da kai. Na ce zumunta a ƙafa take, wani matashi ya ce wannan magana ta zamanin da ba waya ce. Me kuka gani?

Ɗan gwanjo, Kantamanto: Mama, ki yi haƙuri, ina bayan yaron nan. Da wuta ta cinye kasuwarmu ranar 2 ga Janairu 2025, 'yan jaje sun zo da yawa, muka tsaya cikin toka aka yi addu'a, kowa ya kama gabansa. Wanda ya tsayar da ni da ƙafata wani ɗan'uwa ne a Kumasi, bai zo ba, ya turo kuɗin dila ɗaya. Yaƙub 2:15-16 ma ya tsawata wa mai sallamar mayunwaci da fatan alheri hannu wofi.

Dattijon ikilisiya, Madina: Ɗana, Allah ya mayar da alheri. Amma koma baya kaɗan, Yaƙub 1:27, ziyartar marayu da gwauraye aka ce. A Matiyu 25 kuma Ubangiji ya lissafa ciyarwa daban, dubiyar marar lafiya daban. Karin maganar ba ta hana kyauta ba. Abin da take nufi, dangantakar da ba a taka ta, mutuwa take yi.

Mai koko, Mamobi: Baba ya gama magana. Mu a zumuntar mata mun taɓa tura wa wata tsohuwa kuɗi wata da watanni, kullum a waya "lafiya lau, na gode Allah". Ranar da muka shiga ɗakin, maganin hawan jininta na kan taga ba a ko ɓare shi ba, don idonta ya daina karanta rubutun. Jikan da wayar ke hannunsa shi ke cire kuɗin. Tulun ruwa a bushe. Wace waya ce za ta gaya maka wannan? Mutanenmu akwai kunya, ba sa faɗin babu.

Ɗan gwanjo: Gaskiya ne, Mama. Sai dai daga Kasoa zuwa Ashaiman a trotro, wato motar haya, yini ya tafi, mai shago kuma ya rufe ke nan.

Dattijo: A Ista ta 2019 Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, yana gab da cika shekara 100, ya shiga cocin Christ the King da ke Accra da kansa. Da wasiƙa ya aiko, wa zai tuna? Maƙwabtanmu Musulmi a zango ba sa wasa da gaisuwar suna da ta rasuwa, mu da ke kiran juna 'yan'uwa cikin Almasihu bai kamata a fi mu ba. Wanda nisa ya hana, ya biya wa na kusa kuɗin mota.

Mai ɗinki: To, Asabar da safe zan je. Mai koko, ki dama kunu a fulas. Ɗan gwanjo, kuɗin motar mutum biyu na wuyanka.

Ɗan gwanjo: Na ɗauka, Mama. Ki turo lambar.