Inconel 718 da aka buga da firinta 3D: na gasa shi amma ruwan gishiri na cin sa

Ɗalibin Ƙarafa:
Salam 'yan uwa, don Allah masu harkar ƙarafa ku taimaka. Ina aikin masters kan Inconel 718, wani gaurayen ƙarfe mai nikel da kuromiyam, da muka buga da injin leza mai narka garin ƙarfe. Na gasa samfuran yadda ake wa wanda aka ƙera, 980°C awa 1, sai 720°C awa 8, na sauke zuwa 620°C wasu awa 8. Tauri kam ya fito sosai, amma da na gwada su a ruwan gishiri 3.5% sai ƙananan ramuka suka yi ta fitowa, wallahi abin ya hana ni barci don wata biyu kenan ina kansa. Ina na kuskure?

Injiniyan Tanderu:
Wa alaikassalam ƙanena. Matsalar tun daga 980 ɗin take. Wancan tsarin don ƙarfen da aka ƙera aka yi shi, wanda sinadaransa sun riga sun gauraya. Naka kuwa leza ta narka shi ya daskare cikin ƙiftawar ido, sai niyobiyam, ɗaya daga cikin sinadaran ƙarfen, ya taru wuri-wuri ya zama wasu ƙullutai masu gautsi da ake kira Laves, kuma 980 ba ta isa ta narkar da shi duka ba, sai ma ta tsiro maka da wasu masu kama da allurai da ake kira delta a wuraren da niyobiyam ɗin ya yi yawa. To kaga ƙarfen bai zama bai ɗaya ba, nan gishiri ke samun ƙofa, don fatar kuromiyam mai kare shi ba ta kwanta daidai ko'ina ba. Ka fara kai shi 1080 zuwa 1100°C tukun ya gauraya, sannan ka bi da sauran. Amma kar ka zarce da yawa, ƙwayoyin ƙarfen girma suke yi, ƙarfi ya ragu.

Malama Lab:
Tambaya ɗaya malam, ka goge saman kafin gwajin? Don saman abin da aka buga kaushi ne da shi, ga garin da bai gama narkewa ba manne a jiki. Ni ma na taɓa ɓata sati uku a haka. Ka goge su duka daidai, ka kuma yanka ɗaya ka duba ko akwai ƙofofin iska a ciki, in suna da yawa sai HIP, wato zafi da matsin gas ɗin agon wajen 100 MPa. Shi ma na ciki kawai yake rufewa, banda waɗanda suka buɗe a sama.

Ɗalibin Ƙarafa:
Kai, Malama kin kama ni, rabinsu ban goge ba. Na gode sosai, Allah ya saka. Yaya Injiniya, tanderunmu na kai 1200, gobe zan saka guda huɗu a 1080. A iska zan bar su su huce ko ruwa zan tsoma?

Injiniyan Tanderu:
Ƙananan samfura ne, iska ta isa. Ka dai ajiye ɗaya da ba a gasa ba don kwatance.