504 ɗin Baba tana mutuwa in ta ɗau zafi, in bari a buɗe inji?

Mai tambaya, Garin Malam:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena masu sanin mota. Ina da Peugeot 504 mai esansi, haɗin Kaduna, ta mahaifinmu ce, Allah Ya jiƙansa. Ta daɗe a jingine, bara na sa aka tashe ta: sabon batir, sabuwar bobin (mai ƙara ƙarfin wutar da ke kunna mai a inji), aka wanke tanki. Da safe makulli ɗaya take tashi. Amma in rana ta take na kama hanyar Mirya, tun ban isa ba sai ta fara fizga, ta mutu. Demarer, mai murza inji in an sa makulli, na juyawa da ƙarfinsa, ita kuwa ba ta kamawa. In na bar ta ta huce kamar rabin awa, sai ta tashi lafiya lau. An wanke karbirato, an sake buji (masu ba da tartsatsi cikin inji), an sake fanfon esansi, duk jiya-i-yau. Yanzu makanikin ya ce juwan kulas ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji (kulas) da jikinsa, a buɗe inji. Allurar zafi ba ta wuce tsakiya, ruwan radiyato kuma ba ya raguwa. Me kuka gani?

Tsohon direban layin Tanut:
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba. Ƙanena, mai ne. Bazarar Damagaram zafi na haura digiri 40, in tiyon esansi ya bi kusa da wuri mai zafi, man sai ya tafasa a ciki ya koma iska, fanfo kuwa ba ya jan iska. Mu da can jiƙaƙƙen tsumma muke ɗorawa kan fanfon, mu ci gaba da tafiya. Kuma ka faɗa mana gaskiya, na gidan mai kake sha ko ruwa-ruwa na kwalba? Tankin da ya yi shekaru a zaune ba ya rabuwa da tsatsa ko an wanke shi.

Wani matashi, Sabon Gari:
Yaya, sayar da ita ka huta. Tun 1968 aka fara ƙera 504, ta girme mu duka.

Maigidan gareji, Zango:
Kai yaro, motar uban mutum ce, ba shawarar ciniki ya nema ba.

Ɗana, kada ka bari kowa ya taɓa kulas. Juwan da ya ƙone yana nuna kansa: ruwa na raguwa, kumfa na tasowa a bakin radiyato, man inji ya koma kalar shayi da madara, farin hayaƙi a baya. Ba ka faɗi ko ɗaya ba. Kuma juwan ba ya warkewa don mota ta huta rabin awa.

Inda ake ta kuskurewa, ana duba motar ne da safe a gareji, lokacin da lafiyarta ƙalau. Abin da ke kashe ta sai a bakin hanya za ka kama shi, a daidai lokacin da ta mutu. Tambaya biyu ce kawai: wuta ce ta ɗauke, ko mai ne bai zo ba?

Ka fita da mutum ɗaya. Tana mutuwa, kada ka jira. Zare wayar tsakiya daga kan hular delko, mai raba wa buji wuta, riƙe ta da filaya mai roba, ka kusantar da bakinta jikin inji, kamar rabin santimita zuwa ɗaya, shi kuma ya murza makulli. Tartsatsi shuɗi mai ƙara tas-tas, wuta lafiya. Ja-ja mai rauni ko babu gaba ɗaya, ka kama ɓarawonka. Bayan ka mayar da wayar, sannan ka cire murfin filtar iska, ka leƙa maƙogwaron karbirato, ka ja totur da hannu. In ka ga mai ya tsarto, to ba matsalar mai ba ce, maganar Alhaji direba ta faɗi. Kada ka haɗa gwajin biyu lokaci ɗaya, tartsatsi da esansi a buɗe gobara ce.

Ni dai sabuwar bobin ɗin nan nake zargi. Wa ya saye ta, kuma ta wace mota ce?

Tsohon direban layin Tanut:
Maigida, na ji, amma na fi ka kwana a hanya. Ya gwada tsumman tukuna, ba ko dala zai kashe ba.

Mai gyaran wutar mota:
Baba na Zango ya taɓo wurin. Bobin kala-kala ce ko da jikinsu iri ɗaya. Wadda ake haɗa wa delko mai bis (ƙananan ƙarafan da ke haɗuwa suna rabuwa don katse wuta) kai tsaye, in ka ɗora mita tsakanin ƙananan ƙafafunta biyu, za ka ga om 3 (awon tare wuta) ko kusa da haka. Mai om ɗaya da rabi sai da rezistans, mai rage wuta, a gabanta. In aka sa ta haka nan, wuta na yi mata yawa, ta yi zafi har ta daina aiki, ta huce ta dawo, tana kuma cinye bis ɗin a hankali. Ku buɗe delko: tazarar bis milimita 0.40 ce. In bakinsa ya ƙone ya yi rami, a sake shi tare da kondansato, mai kare bis daga ƙonewa, don shi ma yakan mutu da zafi. Amma abu ɗaya-ɗaya za a riƙa sakewa ana gwadawa, in ba haka ba ko ta gyaru ba za ku san mene ne ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yau bayan azahar muka fita da ƙanena, ta mutu a inda ta saba. Mai na tsartowa a karbirato, tartsatsi kuwa babu ko kaɗan. Bobin ba ta taɓuwa don zafi. Alhaji, tsumman naka kanta na ɗora maimakon fanfo, ba a jima ba ta tashi. Da yamma aka auna ta, om ɗaya da rabi, babu rezistans. Bis ɗin ma ya ƙone.

Tsohon direban layin Tanut:
To ai tsumma dai ya yi aiki.

Maigidan gareji, Zango:
Alhamdu lillahi. Ina tsohuwar bobin ɗin da aka cire? Ka bincika cikin kayan Baba, in tana nan ka kawo ta a auna, wataƙila lafiyarta lau aka cire ta. In ba ta nan, ka tafi kasuwa da mai mita, kada ka biya sai an auna a gabanka. Ka zo da bis da kondansato gobe da safe, na daidaita maka wutar, mu kuma duba ko fankan radiyato na kamawa, don na 504 sai inji ya yi zafi yake haɗuwa.