Neman kalma: me za mu kira "handaxe" da Hausa?

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a. Gobe da safe za a naɗi shirin rediyo kan masu tsintar kayan aikin dutse na mutanen farko, da yadda masana ke bambance na gaske da na jabu. Kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya. Ta farko "handaxe", dutsen nan mai faɗin gindi da tsinin kai, wanda aka ɓantare fuskokinsa biyu har gefensa ya yi kaifi. Ta biyu "bulb of percussion". A agaza kafin dare ya raba.

Ɗan Jarida: Gatarin hannu mana. Ina abin wahala a nan?

Malamar Tarihi: To wane gatari ne ake riƙewa da ƙafa? Turawa sun sa "hannu" ne don abin ba shi da ƙota, a tafin hannu ake damƙe shi. Mu kuwa ka ce gatarin hannu, ƙaramin gatari mai sauraro zai hango, da ƙotarsa da ruwansa na ƙarfe.

Dattijo: Yara kenan. Abin da ke da suna tun kaka da kakanni kuke nema wa suna. Gatarin aradu.

Malamar Tarihi: Baba, a gafarce ni, ba shi ba ne. Gatarin aradu goge shi aka yi sumul, ana ɗaura masa ƙota, kuma na zamanin da aka fara noma ne, 'yan dubban shekaru. Wannan da ake tambaya fasa shi aka yi da bugu, ba a goge ba, kuma wasu daga cikin mafiya tsufa, waɗanda aka samu kusa da tafkin Turkana a Kenya, sun kai wajen shekara miliyan 1.76. Masana suna kiran salonsa da sunan Saint-Acheul, wata unguwa a birnin Amiens na Faransa. Turawa ma sun daɗe suna cewa tsawa ce ke jefo irin waɗannan duwatsu. A 1797 wani Bature, John Frere, ya rubuta cewa waɗanda aka haƙo a Hoxne ta Ingila aikin mutanen da ba su san ƙarfe ba ne. Gama gatarin aradu da wannan da ake tambaya wuri guda shi ne kuskuren farko da sababbin masu tsinta ke yi, kada mu sa shi a bakin rediyo.

Dattijo: To. Allah ya ƙara sani.

Maƙerin Kalma: Duk kuna kewaye-kewaye. Dutse da gatari: dutsari. Gaɓa uku, ba jan magana. Jam'insa dutsara, kamar gatari da gatura.

Ɗan Jarida: In jam'in gatari gatura ne, naka dutsura zai zama. Kuma Malam, ka faɗi dutsari da ƙarfi sau uku ka ji da wace kalma yake kama. Ni ba zan karanta shi kai tsaye ba, kada mai sauraro ya ɗauka shirin lafiyar mafitsara ne.

Maƙerin Kalma: Abin da ke kashe harshen nan kenan. In Bature ya ƙirƙiri kalma sai ku haddace ta kuna alfahari, in ɗan'uwanku ya ƙirƙira sai dariya. Har yaushe za mu riƙa bayani da jimla guda inda wasu ke da kalma guda?

Ɗan Jarida: Ai Hausa ba ta saba yanka kalmomi biyu ta liƙe gutsattsarinsu ba. Jirgin sama, gidan waya, Majalisar Ɗinkin Duniya, duk a jere suke cikakku, kuma sun zauna daram. Kalmomin da kuke ƙagowa a ɗakin taro a nan suke kwana.

Maƙerin Kalma: Ku kuma 'yan rediyo ku ne kuka cika mana kunne da aron da ba dole. Wa ya naɗa ku sarakunan Hausa?

Mai Fassara: Don Allah a bar wannan zuwa jibi. Ta biyun fa, "bulb of percussion"?

Mai Tsinta: Bari in kwatanta abin tukuna, don ina da ɓalli a gabana. In aka samu gefe mai baje a jikin ƙanƙara, irin wadda ake ƙyasta wuta da ita, aka buga da wani dutsen, sai ɓalli ya fita. Juya cikinsa. Daidai ƙasan inda bugun ya sauka akwai ɗan tudu mai santsi, kana jin sa da babban yatsa tun kafin ido ya gani. Daga nan wasu zobba suke bazuwa zuwa ƙasa, kamar yadda ruwa ke yi in an jefa masa tsakuwa. A jikin gatarin kuwa kishiyar tudun za ka gani, ƙananan kwarmi a jere a bakin kaifin. Ni "ƙululun bugu" nake ce masa.

Malamar Tarihi: Ya fi "kumburin bugu" da na so in kawo, wancan sai a zaci ciwo. Amma Malam Mai Fassara, kada rubutunka ya ce ƙululu kaɗai hujja ne. Kogi da garma suna gwara duwatsu, wani lokaci har ƙululun ya fito. Abin da ake nema shi ne tabo da yawa masu tsari, ɗaya na bin ɗaya, a fuska biyu. Rashin kula da haka ne ya sa a ƙarshen ƙarni na 19 aka tara tulin duwatsun da yanayi ya fasa ana cewa aikin mutum ne.

Mai Tsinta: Haka ne. Kuma ɗan jabu ma bugawa yake yi da gaske, saboda haka nasa ma da ƙululu. A ƙarni na 19 an yi wani Edward Simpson a Ingila, ana ce masa Flint Jack, kayansa har gidajen tarihi suka shiga. A 1863 kuma ma'aikatan haƙa a Moulin Quignon ta Faransa suka binne na jabu don masani ya "gano". Shi ya sa ake duba ko akwai zanen ƙarfe mai ƙyalli inda guduma ta taɓa, da kuma ko launin cikin tabo ya zo ɗaya da na sauran jiki. Tsohon dutse da ya daɗe a ƙasa fatarsa takan sauya launi, sabon tabo kuwa sai ya tona asalin launin ciki. Wannan fatar ita ce "patina", in za ka buƙace ta.

Ɗan Jarida: Tsatsar dutse.

Dattijo: Dutse ba ya tsatsa. Kanta ce.

Malamar Tarihi: Kanta taruwa take a sama har a kankare ta, wannan kuwa jikin dutsen ne da kansa ya sauya. Ko ɗaya bai kwanta mini ba. Kuma ita ma ana yin ta jabu da sinadari. Abin da nake so ya shiga shirin ko da an yanke komai: awon kabon, wanda ake gano shekarun tsohon ƙashi ko itace da shi, ba ya aiki a kan dutse. Shekarunsa daga shimfiɗar ƙasar da aka same shi ake sanin su, misali tokar aman wuta da ke sama da ƙasa da shi, kamar a Olduvai ta Tanzaniya. Wanda ya tsinta ya sa aljihu bai ɗauki hoton wurin ba, bai rubuta inda yake ba, ya bar masani da siffa kawai, siffa kuwa ita ɗan jabu ya fi ƙwarewa a kai.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan yi: karon farko "gatarin dutse marar ƙota", daga nan "gatarin dutse" kawai, da jimla ɗaya mai raba shi da gatarin aradu. Na ɗauki "ƙululun bugu". Ta ukun, wato "patina", zan ce "sauyin launin da daɗewa ke jawowa" in wuce.

Malamar Tarihi: Gatarin aradu ma ai na dutse ne, gajartawar za ta rikita su. Amma lokaci ya ƙure maka, je ka da shi.

Maƙerin Kalma: Kalma huɗu a gurbin ɗaya. Ban yarda ba, amma ba shirina ba ne. In dutsari ne bai yi muku ba, akwai "gadutsi".

Ɗan Jarida: Malam, sai da safe.