Ɗan ƙanena a Amurka: ya zauna jami'ar jiharsu ba tallafi, ko ya tafi inda za a biya mashi?

Tela na Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta sha mani kai, na ce bari in kawo ta nan ko Allah ya sa a dace da wanda ya san kanta.

Ƙanena yana aikin asibiti a Amurka, shekara 19 ke nan. Can aka haifi babban ɗanshi, bana zai gama sakandare. Yaron yana buga ƙwallon nan tasu ta zari-ruga, wadda ake sa hular kwano da kafaɗun roba. Shi ba cikin masu turereniya yake ba, aikinshi shuri: a kafa mashi ƙwallo ya daka ta, ta wuce tsakanin dogayen ƙarafa biyu. Da suka zo hutu bara waccan ya taho da ita cikin jaka, muka fita fili bayan la'asar. Yaran unguwa suka yi ta dariya, wai gwanda ya kawo masu tsaraba. Ya sa ƙaramin ɗana ya durƙusa ya dafe ta da yatsa ɗaya, ya ja baya taku uku, ya goce gefe taku biyu, ya saki ƙafa. Sai da aka yi sallama gidan mutane aka roƙo ta. Daga ranar ba wanda ya ƙara ce mata gwanda.

To yanzu jami'o'i biyu ne a gabanshi. Ta farko babbar jami'ar jiharsu ce, tafiyar awa ɗaya da rabi daga gida. Koci ya kira ya ce yana son shi, an ajiye mashi gurbi cikin 'yan wasa ba sai ya yi gwaji ba, amma ko sisi ba za a ba shi ba, uban ne zai biya kuɗin makaranta. Ɗayar ƙarama ce, a wata jiha mai nisa, sai an hau jirgi, ita kuma ta ce za ta ba shi tallafin karatu. Yaro ya kafe sai ta gida, wai tun yana ɗan shekara shida yake sa rigarsu. Uban ya rasa ta cewa. Tun da mahaifinmu ya rasu ni ne babba, shi ya sa ya bugo mani daren Juma'a ya ce, "Yaya, mi ka gani?" Ni kuwa tela ne. Tambaye ni yadi nawa zai fitar maka da babbar riga da 'yar ciki da wando, ido rufe zan faɗa maka. Wannan kam ba ɗinkina ba ne.

Abin da ya ɗaure mani kai: in suna son shi da gaske, mi ya hana su biya? A sanina mai son ka shi ke kashe maka. Kuma wannan gayyata ta "zo, amma da guzurinka", da ƙanena ya ce sunanta wok-on, akwai wanda ya taɓa shiga ta nan ya zama wani abu? Hajiyarmu dai ta riga ta yanke nata hukuncin: a maido shi Katsina ya karanta likita, a bar wasan fasa kai.

Na-Kusugu:

Wa alaikumus salam. Malam Tela, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ya tafi inda za a biya. Son riga ba ya biyan kuɗin makaranta, balle da dala. A gaida Hajiya, ni ina bayanta.

Malamin Lissafi:

Malam Tela, sannu da ɗawainiyar zumunci. Na yi shekara huɗu ina karatu a Linkon, jihar Nebaraska, kuma duk wanda ya zauna garin nan dole ya san wannan magana ko bai so ba.

Irin gurbin da aka ba yaronku zan kira mai shi ɗan kawo-kai. Na so in ce ɗan sa-kai, sai na tuna a Katsina kalmar ta riga ta sami masu ita. Iri biyu ne: akwai wanda ke zuwa ranar gwaji da takalminshi a hannu, ba wanda ya san shi, akwai kuma wanda koci ya gayyato ya ajiye mashi wuri. Naku na biyun ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Dalilin rashin biya ba talauci ba ne, ƙayyadewa ce. Hukumar wasannin jami'o'insu, NCAA, daga 1994 har zuwa 2025 ta tsaida wa manyan makarantu gurbin tallafi 85, alhali tawaga a lokacin kan haura mutum 120. Sauran duk 'yan kawo-kai ne. Koci kuwa yana rowar waɗannan gurabe kamar gishirin fari. Ya fi son ya kashe su kan ƙartin da zai kwaso daga Teksas ko Fulorida ko Kalifoniya, waɗanda in bai ba su ba wata makaranta za ta ba su. Mai shuri kuma an saba a bar shi sai ya nuna ƙafarshi ba ta rawa gaban mutum dubu 80 kafin a saka mashi.

Ga inda zancen ɗan jiha ya shigo. Kamar yadda jami'o'in jihohinmu ke sassauta wa 'yan asalin jiha kuɗin rajista, haka can ma. Wanda ya zo daga wata jiha yakan biya ninki biyu, wani wurin uku. Saboda haka baƙo ba zai iya zuwa da guzurinshi ba, ɗan gida ne zai iya. Ƙari a kan haka, ɗan gida an riga an gama da zuciyarshi tun yana goye. Rigar nan da kuka ce yana sawa tun shekara shida, koci ya san da ita, kuma ta shiga lissafinshi. Ban ce mugunta ba ce. Ciniki ne, kuma ya san mai sayarwa ya ƙosa.

Nebaraska ita ta fi kowa cin moriyar wannan tsari. Mutanen jihar kusan miliyan 2 ne, ba su kai rabin na jihar Katsina ba, amma zamanin koci Tom Osborne sun ci kofin ƙasa a 1994 da 1995 da 1997, da taimakon 'ya'yan manoman masara da suka kawo kansu daga ƙauyuka. Tun 1962 duk wasan da aka sayar wa jama'a tikiti a filinsu sai tikitin ya ƙare. Ranar Asabar gari kan koma ja wur, har tsofaffi mata. Mai gidan da na yi haya ba shi da hira sai ta wani yaron garinsu da ya shiga ba tallafi ya fito da suna.

Waɗanda suka zama wani abu akwai su. J.J. Watt ya bar tallafin da yake da shi a wata jami'a ya koma Wiskonsin, jiharsu, a matsayin ɗan kawo-kai, har yana kai wa mutane fiza gida-gida. Daga baya sau uku ana zaɓen shi gwarzon masu tsaro na gasar ƙwararru ta NFL. Baker Mayfield sau biyu yana kawo kanshi, ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2017, aka ɗauke shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasan NFL na 2018. Tun 2010 ma akwai kofi na musamman, mai sunan Burlsworth, da ake ba wanda ya fi fice cikin waɗanda suka fara ta wannan ƙofa.

Amma wanda ya fi kama da naku shi ne Rodrigo Blankenship, mai shuri ɗan jihar Jojiya. Ya shiga jami'ar jiharsu ba tallafi, ya yi kakar 2016 shi ke shura masu ƙwallo, uban na biyan kuɗi. Sai da uban ya fito fili ya yi ƙorafi. Tallafin bai zo ba sai Satumbar 2017, kuma a 2019 aka zaɓe shi mai shurin da ya fi kowa a jami'o'in ƙasar. Ku lura: yaron da ya kai haka ma sai da ubanshi ya yi shekara biyu yana zare kuɗi daga aljihu.

Koci Mai Usur:

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Ni ban san zari-ruga ba, tamola na sani, shekara 14 ina riƙe da yaran unguwa. Amma wannan labari na san ƙanshinshi.

Na taɓa kai wani yarona, ɗan baya mai lamba biyar, gwaji wani kulob. Aka ce ya yi, ya zauna ya riƙa atisaye da su, rajista sai zagaye na biyu. Wata bakwai yana zuwa da kuɗin mashin ɗinshi, safe da yamma. Shi ake sawa ya tare manyan 'yan gaba ranar Laraba su gwada ƙarfinsu a kanshi, ranar wasa kuma yana cikin 'yan kallo da rigar gida. Zagaye na biyu ya zo, aka kawo wani daga kudu aka ba shi lambar. Da na je jin ba'asi, wani jami'i ya ce mani, "Ai naku na gida ne, ba inda za shi." Har yau maganar nan tana ci mani rai.

Malam ya ambaci mutum uku. Waɗanda suka shekara huɗu suna shan duka ba a ji sunansu ba fa, su nawa ne?

Malamin Lissafi:

Koci, ba ƙarya a maganarka. Can ma haka ne. Akasarin 'yan kawo-kai aikinsu su kwaikwayi abokan karawar mako a wurin atisaye, manya su yi ta gwada dabara a jikinsu. Kafin 2014 ma ba su da haƙƙin cin abincin tawaga kyauta, sai da aka sauya doka. Batun NFL kuwa a aje shi gefe: mutum 250 da 'yan kai ake ɗauka a shekara, manyan makarantu kawai sun haura 130.

Malam Tela, akwai abin da ya sauya kwanan nan da ya kamata ƙanenku ya sani. A watan Yunin 2025 wata kotu a Kalifoniya ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye, har kusan dala miliyan 20 da rabi kowace makaranta a shekarar farko. Aka cire ƙayyadewar 85, aka maye ta da ta yawan 'yan tawaga: 105. An yi wa waɗanda ke ciki sassauci, amma sabon shiga ba shi cikin wannan rangwame. Ma'ana kujerun 'yan kawo-kai sun ragu. Sannan tun 2018 akwai rajistar masu neman sauya makaranta, koci na iya shiga ya ɗauko mai shurin da ya riga ya goge a wani wuri, cikin mako guda.

Don haka ƙanenku ya tambayi kocin baki da baki: masu shuri nawa ke tawagar yanzu, kowane yana aji nawa, nawa ne cikinsu ke da tallafi, kuma a shekara biyar da suka wuce 'yan kawo-kai nawa aka mayar masu tallafi. Ita ma ƙaramar makarantar kada a sakankance. A rukunin da ke ƙasa da manya, ƙa'idar da aka daɗe a kai ita ce tallafi 63, kuma ana yanyanka shi a raba wa mutane da yawa. Ana iya ce maka tallafi, ashe ƙafar kaza ce aka miƙo maka. A nemi takarda, a ga mi ta ɗauke: karatu kawai, ko har ɗaki da abinci.

Maman 'Yan Biyu:

Ni dai abin da ban ji kowa ya taɓo ba shi ne yaro ɗan shekara 18, Musulmi, a tura shi inda sai an hau jirgi. Awa ɗaya da rabi uwarshi na iya dafa tuwo ta kai mashi da ɗuminshi, azumi ya zo ya sha ruwa gida ranar hutu. Wannan ma kuɗi ne, ba a dai rubuta shi a takarda. Kuma Baffan yaro, ku kwantar wa Hajiya da hankali, in dai shuri ne aikinshi ai shi ya fi kowa nisa da turmutsitsin.

Tela na Ƙofar Ƙaura:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan isha'i na rufe shago na kira ƙanena, na karanto mashi tambayoyin Malam ɗaya bayan ɗaya, yana rubutawa. Na-Kusugu, ƙwan nan naka ashe rabi ne. Da ya ɗauko takardar ƙaramar makarantar ya duba da kyau, rabin kuɗin karatu suka ɗauke, ɗaki da abinci da tikitin jirgi duk nashi ne. Da ya haɗa lissafi, tazarar da ke tsakaninta da ta gida ba ta kai yadda muka zata ba.

Ta gidan kuma masu shuri uku ne. Babbansu zai gama bana, na biyu yana aji biyu kuma shi ke da tallafi. Wannan na biyun shi ya tsaya mani a rai, don ko ni da ban san wasan ba na san ba a ajiye wanda aka kashe wa kuɗi a benci a sa na kyauta, sai in na kyautan ya fi shi nesa ba kusa ba.

Na ce a ba ni yaron. Na gaya mashi labarin ɗan bayan Koci Mai Usur tun daga farko har "ba inda za shi". Ya yi shiru, sannan ya ce da Hausarshi ta 'yan koyo, "Baffa, ni akwai inda za ni." Na ce to, in uban ya yarda ya gwada shekara biyu, da sharaɗin ranar Litinin shi da kanshi zai tambayi koci 'yan kawo-kai nawa aka mayar masu tallafi, ba uban zai tambaya mashi ba. Malam, in amsar ta zo zan kawo maka ita nan ka duba mana. Hajiya dai ban gaya mata komi ba tukuna, sai na kai mata ɗinkinta ranar Alhamis.