Kwamfutocinmu na cikin sarba suna tsayawa cik kowace safiya: RAM zan ƙara ko sarba ta biyu?

Ɗan Zengo:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga wannan harka.

Ni nake kula da kwamfutocin wani kamfanin sarin kayan masarufi a nan Damagaram: shinkafa, sukari, mai, taliya. Babban biro yana Zengo, sai reshe ɗaya a Magarya. Da Microsoft ta janye hannu daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, muka duba injinanmu, yawancinsu ba su da TPM 2.0, wata ƴar na'urar tsaro ta cikin kwamfuta, ke nan ba za su ɗauki Windows 11 ba. Maimakon Alhaji, mai kamfanin, ya sayi sababbi har 22, sai muka koma tsarin VDI, wato kwamfutocin ma'aikata su zauna a cikin sarba, babbar kwamfuta mai yi wa sauran aiki. Sarba ɗaya ce a biro da Proxmox a kanta, manhajar da ke raba inji ɗaya ya zama kwamfutoci da yawa, kowane ma'aikaci yana da nasa Windows 11 a cikinta. Tsofaffin injinan muka sa musu Linux marar nauyi, aikinsu kawai su nuno allo ta RDP, hanyar aiki da Windows daga nesa.

Sarbar tana da furosesa mai ƙwaya 16, RAM giga 64, da diski huɗu masu juyawa a RAID 5, wato an haɗe su wuri ɗaya yadda ko ɗaya ya mutu bayanai ba za su ɓace ba. Kowane Windows an ba shi giga 4.

Ga matsalar. Ƙarfe takwas na safe idan kowa ya zauna, komai sai ya daskare. Mai kes ta danna Excel, ta zauna tana kallon da'irar nan tana juyawa, direban tirela yana tsaye a kanta yana jiran takardar fitar da kaya. Wajen ƙarfe tara abin ya sake, a yi aiki lafiya. Idan kuran ya ɗauke, ondular ta ƙare kafin a tada gurup, to sai a sake sabon lale. Ƴan Magarya kuwa kukansu daban ne: da yamma mutum zai buga harafi sai bayan ɗan lokaci ya fito.

Abin da ya ɗaure mini kai, furosesa ba ta ko kai rabi a lokacin da ake wannan wahala. Alhaji kuma yana son buɗe Tanut da Gure, mu kai mutum 40. Ya ce in kawo masa lissafi. Wani ya ce in sayi sarba ta biyu, wani ya ce in kwashe komai in kai Azure, sarbobin haya na Microsoft ta intanet, in huta. Kuɗin bawan Allah ne, ba na son in sa shi asara. Me kuka gani?

Tsohon Injiniya:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka sayi komai tukuna, amsar tana cikin alƙaluman da ka rubuta.

Windows 22 sau giga 4, giga 88 ke nan, kai kuma 64 gare ka, ita kanta Proxmox tana son nata kason. Abin da ya sa tsarin bai faɗi gaba ɗaya ba shi ne KSM, wadda ke haɗe shafukan RAM masu kama da juna idan RAM ta kai kashi 80 cikin ɗari. Sauran da bai samu wuri ba, kan diski ake jibge shi. Kuma giga 4 ɗin nan shi ne mafi ƙanƙantar abin da Windows 11 ke karɓa, ba a yi maganar Excel da Chrome ba, don haka kowane Windows shi ma yana ta sauke kayansa a kan diski.

To dubi diskin da ake ɗora wa wannan kaya. Diski mai juyi 7200 a minti, karatu da rubutun da ba a jere ba, abin da yake iya yi a daƙiƙa bai fi aiki 80 zuwa 100 ba. Guda huɗu gare ka. A RAID 5 kuma duk ƙaramin rubutu ɗaya aiki huɗu yake ci: a karanto tsohon bayani, a karanto lissafin kariya, a rubuta sabon bayani, a rubuta sabon lissafi. Da safe Windows 22 suna tashi tare, kowanne yana buɗe bayanan mai shi, antibiris yana bincike, ana neman sabuntawa. Kamar famfo ɗaya ne a Garin Malam cikin bazara da jarkoki a layi. Furosesa ba ta da laifi, zaune take tana jiran diski, shi ya sa ka ga ba ta kai rabi.

Gobe da ƙarfe takwas ka buɗe shafin taƙaitawa na Proxmox, ka kalli layin da aka rubuta IO delay, wato lokacin da furosesa ke ɓatawa tana jiran diski, ka kalli swap, wurin da ake jibge rarar RAM a kan diski. Ka zo ka faɗa mana.

Abubuwan da za ka yi yau ba ko dala: ka bar injinan a kunne da dare idan ba sabuntawa ake yi ba. Ka sa musu jerin tashi da tazara tsakaninsu, Proxmox na da wurin saita wannan, mai kes da masu lissafi su fara, sauran su biyo rukuni-rukuni. Binciken antibiris ka raba shi, kada duka su yi a sa'a ɗaya.

Na kuɗi kuma: SSD, wato diski mai sauri marar juyawa, irin na sarba, mai kariyar ɗaukewar wuta, guda biyu kowane yana kwafin ɗan uwansa. Kada a yaudare ka da na kasuwa mai arha, a garin da wuta ke ɗaukewa bayanai zai cinye maka. RAM kuma ka kai ta 128 ko fiye, don ka ɗan ƙara wa masu lissafi.

Hajiya Kontabul:

Ni ba injiniya ba ce, amma irin wannan tsarin nake aiki a kansa a wani ofis. Ɗana, roƙona ɗaya: idan za ka yi gwaji, ka yi shi a ƙarshen wata. Ranar da ake rufe lissafi, ana haɗa albashi, ana fitar da takardun haraji, ranar ce za ka san gaskiyar injinka. Mu an yi mana gwaji a tsakiyar wata aka ce komai daidai, da wata ya ƙare muka kai bayan isha'i a biro.

Sannan ka kula da firinta. Takarda mai tambari da hoto idan za ta bi rezo mai rauni zuwa reshe, sai ta toshe hanya, allon kowa ya tsaya har ta gama fita. Ka tambayi ƴan Magarya ko a lokacin buga takardu abin ya fi tsanani.

Kuma ka bar kwamfuta ɗaya mai zaman kanta a kes, wadda ba ruwanta da sarba. Ranar da sarba ta kwanta, ko ba komai a iya sallamar direbobi.

Mai Rezo Yamai:

Yaya, abin da Malam ya faɗa shi zai warkar da Zengo, amma Magarya ko ka sa SSD goma ba za su ji bambanci ba. Nasu ciwon na hanya ne. Kowane harafi sai ya je Damagaram ya dawo kafin ya fito a allo. Microsoft da kanta ta ce idan zuwa da dawowa bai wuce milisakan 150 ba (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya) aikin ofis zai tafi daidai, tsakanin 150 da 200 ana iya lallaɓawa da rubutu, sama da 200 mutum zai fara ji a hannunsa. Yawan mega bai cika zama matsala ba a aikin lissafi, jinkiri da yankewar saƙo su ne ke kashe RDP. Ka yi ping, wato awon lokacin zuwa da dawowa, daga Magarya safe da yamma ka gwada. Ka kuma tabbatar UDP, hanyar aika saƙo mai sauri da RDP ke amfani da ita, na wucewa ta VPN ɗinku, killatacciyar hanyar da ta haɗa reshe da biro, ka rage ƙyale-ƙyalen allo.

Tsohuwar VSAT, intanet ta tauraron ɗan Adam, kada ka ma fara, tauraronta yana nisan kusan kilomita 36,000, zuwa da dawowa wajen milisakan 600 ne. Starlink ta fara aiki a Nijar a 2025, taurarinta na kusa da ƙasa, amma ka ari ta wani ka auna daga reshe har cikin sarbarka kafin a biya.

Maganar Azure, tana da daɗi wajen ƙara mutane, yau ka so goma gobe ka samu. Sai dai injinan suna Faransa ko Afirka ta Kudu, ƙasarmu kuma ba ta da teku, sai mun bi ta maƙwabta mu kai ga wayoyin ƙarƙashin ruwa. Yanzu idan intanet ta yanke, ƴan Magarya kaɗai ke zama. Ka kai komai waje, duk kamfanin ne zai naɗe hannu. Ga biya kowane wata da kuɗin waje.

Ni da ni ne, zan tambayi kaina ko kowa na buƙatar nasa Windows. Masu shigar da rasit da masu duba kaya a sito, ka haɗa su a Windows Server ɗaya da RDS, tsarin da ke barin mutane da yawa su shiga Windows ɗaya a lokaci guda, su raba RAM ɗaya. A ma'aunin Microsoft, mutum 6 masu aiki marar nauyi za su iya raba ƙwayar furosesa ɗaya, matsakaita 4, masu nauyi 2. Ta nan ne 40 ɗin za ta yi maka sauƙi. Ka sa kuɗin lasisin RDS a lissafi tun yanzu, kwana 120 kawai ake ɗaga ƙafa, bayan nan sai ta hana shiga.

Ɗan Zengo:

Allah ya saka da alheri, Malam, Hajiya, da kai ƙanena na Yamai. Na auna. Ƙarfe takwas IO delay ya haura kashi 40, swap a cike maƙil. Na sa jerin tashi jiya da dare, yau mai kes ta shiga ba ta jira ba, ko da yake na bayanta sun ɗan sha jira. Ping na Magarya da safe yana wajen 90, bayan la'asar yana tsalle har 300. Hajiya, gaskiyarki, sun ce da an tura takarda firinta allo ke tsayawa.

Akwai abin da ban faɗa ba. Ɗakin sarbar ƙarami ne, tagarsa na kallon yamma, kilim ɗinsa kuma ba ya kan gurup. Na sa ma'aunin zafi, da azahar ya nuna 36, fankokin sarbar suna ta kuka har daga baranda ana ji. Na buɗe murfin gaba, ƙurar hunturu ta toshe ragar kamar auduga. Malam, wannan zai iya jira har a gama maganar SSD?

Tsohon Injiniya:

Ba zai jira ba, ƙanena. Iskar da ake so ta shiga sarba tsakanin 18 da 27 ce. Idan zafi ya yi yawa furosesa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, batirin ondular kuma zafi ke saurin kashe shi, wataƙila shi ya sa ba ta riƙe ku har a tada gurup. Afrilu da Mayu kuwa ka san yadda garin nan yake, sama da 40 a inuwa. Ka kashe sarbar ranar Lahadi ka hure ƙurar, ka toshe tagar, ka sa mai gyaran wuta ya mayar da kilim ɗin kan gurup.

Takardar da za ka kai wa Alhaji ka jera ta haka: sanyi da wuta, sannan SSD da RAM, sannan layi na biyu na wani kamfani daban a Magarya. Sarba ta biyu ta zo kafin a buɗe Tanut, kuma ka bayyana masa cewa ba don gudu za a saye ta ba, don ranar da ɗaya ta kwanta ne. Saboda haka kowace ɗaya ta iya ɗaukar mutum 40 ɗin ita kaɗai, ko da a ɗan matse. Ajiyar bayanai fa, a ina kake yin ta? Idan a ɗakin nan ɗaya take da sarbar, ka fara fitar da kwafi zuwa wani gini tun wannan makon.