Ɗaga ƙarfe da ciwon suga: abin da aka tattauna

A wani ƙauye kusa da Ringim, 'yan kokawa da 'yan ƙwallo suka zauna da malamin asibiti a gindin darbejiya, kan samarin da ke allurar insulin amma suna son ɗaga ƙarfe. Ƙarfen nasu ma gwangwanaye ne biyu cike da siminti, an soka musu bututu.

Inda aka fi daɗewa: ɗaga nauyi kan ɗan hauhawar da suga, gudu kuwa saukar da shi yake yi. Don haka ƙarfe tukuna, sannan ƙwallo. Sai dai tsoka ba ta daina zuƙar suga har cikin dare, kuma a ganina nan haɗarin yake. A auna kafin a kwanta.

In na'urar auna suga ta nuna ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, a dakata, a sha ruwan suga ko a ci dabino uku. In ta haura 250, ba atisaye sai an gwada fitsari an ga babu ketone, wato sinadarin da ke taruwa in insulin ya yi ƙaranci a jiki. Ranar gudu, kada a yi allura a cinya.

Wani ya kawo zancen sassaƙe, malam ya ce ba ya maye gurbin insulin. Abokin atisaye kuma ya kamata ya san alamun faɗuwar suga: karkarwa, gumi, magana ba kan gado.