Me za mu kira "gimik" da Hausa? Shawara ga ƴan zauren kokawar rubutu

Mai riƙon zaure:
Salamu alaikum jama'a. Takardar da sabon ɗan wasa zai riƙa cikawa ta kusa kammaluwa, layi ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Suna, gari, tsawo, nauyi, take, kayen ƙarshe, duk sun samu Hausarsu ba gardama. Wanda ya ƙi shi ne abin da masu kac, wato kokawar tele ta Amurka, ke kira gimik, wanda ƴan lakwal ɗinmu ke rubuto mini da personaj.

Don sababbin shigowa: a nan kowa ƙirƙiro ɗan kokawarsa yake yi, mutumin da babu shi a duniya. A haɗa shi da na wani, kowa ya rubuta kirarinsa da cika-bakinsa kafin ranar karawa, alƙalai su karanta, wanda rubutunsa ya fi armashi shi ke da kaye, sannan a rubuta yadda karawar ta gudana kamar an gani da ido. To gimik shi ne abin da ke sa a san wane ne ke magana ko da an goge sunansa daga kan rubutun.

Ku ɗauki Undertaker. Sunan mutumin Mark Calaway, ɗan jihar Texas. Tun da ya fito da wannan kama a watan Nuwamban 1990 har ya ajiye ta a 2020, abin da jama'a ke jira shi ne a kashe fitilu, ƙararrawa ta buga, ya taho a hankali da baƙar hula da doguwar baƙar riga, a buga shi da ƙasa ya tashi zaune kamar ba a taɓa shi ba. Wannan tarin duka, tufafi da tafiya da murya da labarin da aka ɗora masa, shi ne gimik. Kuma ba a manne yake da mutum ba. Mick Foley ya shiga karawar Royal Rumble ta 1998 sau uku a dare ɗaya, da kama uku: Cactus Jack, Mankind, Dude Love.

Sharaɗina ɗaya ne. Duk kalmar da za a kawo, a sa ta cikin zance mu ji ko tana tafiya: a ce wane ya yi ta, wane ya sake ta, ta wane ba ta karɓu ba. Kalmar da ba ta jan aikatau, a takarda za ta mutu.

Ɗan Tibiri:
Wa alaikumus salam. Ni ban ga abin wahala ba, sunan fage mana. Yakuba Ango ne sunan yanka, amma Kantu duniya ta sani, wanda ya ɗauko wa Maradi takobin farko na gasar kokawar Nijar a Tawa a 1975, har filin kokawarmu ke amsa sunansa. Kadri Abdu na Doso ma wa ke kiran sa haka? Issaka Issaka ake cewa. Abin da muke da shi tun kaka da kakanni ba sai mun je aro ba.

Malamin lakwal:
Ɗan Tibiri, sunan fage yana da layinsa a takardar, shi ne na farko ma. Amma Kantu na cikin fage da Kantu na kasuwa mutum ɗaya ne. Ba a rubuta masa labarin ƙarya ba, ba a ce ga wanda zai kayar yau ba. Ƴan kokawa tamanin ke zuwa takobi, goma daga kowace jiha, kuma babu wanda ya san wa zai koma gida da shi sai an yi. Kac kuwa an gama shirya wa zai faɗi tun ba a buɗe ƙofa ba. Ni shawarata a ce hali. Halin fage. Don abin da ke riƙe ɗan kallo ba hula ba ce, yanayin mutumin ne: wannan matsoraci, wannan mayaudari, wannan mai girman kai.

Ƴar Tasawa:
Malam, da girmanka, hali shi ne kalmar da na fi jin tsoro cikin duk waɗanda za a kawo.

Na farko, ba ta cika sharaɗin ba. Hali zanen dutse ne, haka muka taso muka ji, ba a sake shi kamar zane. Gimik kuwa sakewa ake yi. Kofi Kingston a Kumasi aka haife shi, amma da WWE, kamfanin kac na Amurka, ta fito da shi sai ta ce mutumin Jamaika ne, yana karya harshe irin nasu, har 2009 da aka bar wannan aka koma kiran sa ɗan Gana. Za mu ce halinsa ne ya sauya? Mutumin yana nan yadda yake.

Na biyu shi ne babba. Duk wanda ya daɗe a zauren nan ya san abin da ke kore mana mutane. Wani ya rubuta ɗan kokawa mai baƙin baki, ya yi wa na wani wankin babban bargo, sai mai shi ya ɗauka da shi ake, a koma kiran waya, a koma "ka san ko ni wane ne". Yanzu a kan wannan mu ɗora kalmar hali? Ranar da alƙali ya rubuta "halin wane mugu ne", ko ya ce na fage yake nufi, wallahi ya zagi yaron mutane a gaban jama'a. Muna neman kalmar da za ta raba marubuci da abin da ya rubuta, hali kuwa haɗe su take yi.

Malamin lakwal:
Na ji ta biyun. Ta farkon ban sallama ba tukuna, ai ana cewa wane ya gyara halinsa.

Kawu na Mokoyo:
Ku yara, abin ga da kuke ta neman sunanai, mun gane shi da ido tun ba a san tele ba garin ga. Wanda duk ya taɓa tsayawa wurin ƴan bori ya san kowane iska da tuhwahinai, da kiɗinai na goge ko garaya, da tahiyatai. In Ɗan Galadima ne, ka ga ɗan sarki mai ado da kyauta. In Malam Alhaji ne, tsoho ne duƙe shina tari. Da an juya kiɗi, kowa ya san wa za ya zo, ba sai an hwaɗa ba. Mutum guda, baƙi da yawa. Mu hawa muka ji ana cewa. Ni ban ce ku ɗauka ba, na dai hwaɗa muku ba Bature ne ya hwara ba.

Mai riƙon zaure:
Kawu, Allah shi ƙara girma. Kun kawo abin da ya fi kama da shi ta fuskar tsari, musamman maganar kiɗi, don shi ne ainihin aikin take a wasanmu. Amma kalmar ba za ta shiga takarda ba. Akwai ƴan makaranta a nan, ranar da uba ya leƙa salula ya ga ɗansa ya rubuta "na hau", ranar wasa ya ƙare masa, mu ma mu sha tambaya. Sannan doki a bori cewa yake bai san abin da aka yi da bakinsa ba. Mu kuwa kowace kalma marubuci ne ya zaɓe ta, kuma in ya wuce gona da iri shi za mu kama, ba za mu karɓi "ba ni ba ne" ba.

Kawu na Mokoyo:
To madalla. Ku dubi cali-cali kuma, masu kwaikwayon ƴan kokawa a filin takobi su ba mutane dariya. Su dai babu mai hana ɗanai kallonsu.

Na Jibiya:
Mu a nan gefen resilin muke ce wa wasan. Ni riga nake gani. Ya sa riga, ya tuɓe riga, ya sake riga, duk suna tafiya. Ko a ce rigar aro. A Meziko ma abin rufe fuska ne komai nasu, har karawa suke yi wanda ya faɗi a cire masa nasa a bainar jama'a, kuma El Santo da ya mutu a 1984 da nasa aka binne shi.

Ɗan Tibiri:
Riga a wasan da rabin mutanensa daga su sai ɗan kamfai? Yaya na Jibiya, a sake lale.

Ƴar Tasawa:
Aro kuma a cire shi gaba ɗaya, tunda dokar zaure ta hana kwafo na tele. Kullum sai an samu mai zuwa da Undertaker ya sauya masa suna ya ce nasa ne.

Amma Na Jibiya ya kusa. Abin da yake nema ba riga ba ce, shiga ce. Muna cewa wane ya yi shigar malamai, ya yi shigar ƴan tauri, ya yi shigar Buzaye, kuma mai jin Hausa ya san ba yadin kaɗai ake nufi ba, har da yadda ya naɗa, yadda yake taku, yadda yake amsa gaisuwa. Kuma cikin kalmar kanta akwai sanin cewa ba shi ba ne. Ba a ce wa malami ya yi shigar malamai. Da ka ce shiga, ka riga ka ce akwai wani a ƙarƙashi. Ga sharaɗin mai zaure: ya yi shiga, ya sake shiga, shigarsa ba ta karɓu ba. In alƙali ya rubuta "shigar wane ta mugunta ce kuma ta yi kyau", yabo ne, babu wanda zai kira waya.

Malamin lakwal:
Ƙanwata, shiga tana jawo shigar burtu a kunnena, wato yaudara. Maharbi ya ɗaura kan burtu ya duƙa don tsuntsaye su ɗauka ɗan'uwansu ne.

Ƴar Tasawa:
Shi ya sa ban ce burtu ba, Malam. Tsuntsu bai sani ba, ɗan kallo ya sani. Tun 1989 kamfanin WWE da kansa ya faɗa wa majalisar jihar New Jersey cewa abin nasu nishaɗi ne ba gasa ba, don ya kuɓuta daga dokokin hukumar wasanni, kuma mutane ba su fasa sayen tikiti ba. Shigar tashe ce. Yaro ya manna gemun auduga da azumi ya zo ƙofar gida yana rawar tsofaffi, uwar gida ta san ɗan maƙwabta ne, ta kira shi Baba ta ba shi hatsi. Shi ya san ta sani. Wannan yardar ita ce wasanmu kaf.

Ɗan Tibiri:
Matsala ɗaya. In aka ce shigar fage, ni abin da zan fahimta shi ne lokacin da ɗan kokawa ke shigowa fili da kiɗinsa. To wancan layin kuma me za a ce masa?

Kawu na Mokoyo:
Ɗana, ɗan kokawa ba shiga shikai ba, hitowa shikai. Makaɗi ya kira shi, ya hito da layunai da gurunai ya yi kirari. Ku ce ma wancan hitowa, ku bar ma ɗiyar ga shigarta.

Malamin lakwal:
Kawu ya warware wannan. Saura guda, kuma ita ce ta hana ni sakin hali. Steve Austin baƙin kamfai ne da baƙin takalmi, kai a aske, shi ke nan. Abin da ya sa Amurka ta haukace a kansa a ƙarshen shekarun 1990 shi ne ma'aikaci ne da ke taka maigidansa Vince McMahon a gaban kowa, abin da kowane ɗan ƙwadago ke mafarki. Ina shiga a nan? Ina tsoron yara su ga kalmar su cika mana layi da launin wando da tsawon hula, alhali mu rubutu muke yi, ba ma ganin tufafin kowa. Abin da alƙali ke aunawa murya ce.

Mai riƙon zaure:
Tsoron Malam gaskiya ne, na karanta irin waɗannan takardu har na gaji, mutum ya yi layi goma a kan alkyabba bai faɗa mana me ɗan kokawarsa ke so a duniya ba. Amma wannan gyaran takarda ne, ba na kalma ba. Kan askakke da rashin ladabi ga maigida su ma shiga ce, ta ɗan iskan gari, an zaɓe ta an yi ta da gangan. Hali kuwa illarsa ba ta gyaruwa da ƙarin bayani.

Don haka na rubuta shiga. A ƙarƙashinta tambaya uku: wane ne shi, me yake nema, yaya yake magana. Tufafi layi ɗaya kacal. Fitowa da take suna nasu wuri. Da doka guda da nake so a karanta da kyau: ba a yin shiga da ƙabila ko addinin kowa don a yi dariya. Amurkawa sun yi wannan da Kamala, mutumin Misisipi mai suna James Harris da suka shafa wa fenti suka ce ɗan dajin Uganda ne. Ba za mu maimaita shi a kan Bafulatani ko Ba'are ko Bagobiri ba, ko da an ce wasan taubasantaka ne, don a rubuce ba a jin dariyar da ke cikin murya.

Ɗan Tibiri:
Bagobiri dai ya gode. To ga tawa, a gwada. Suna: Mai Tiya Biyu. Shiga: ma'aunin hatsi ne, yana da tiyar saye da tiyar sayarwa, bai taɓa cin karawa da gaskiya ba kuma rantsuwa yake yi kafin a tuhume shi. Abin da yake nema: a naɗa shi sarkin awo. Maganarsa duk ta ciniki ce, abokin karawa "haja" yake ce masa, alƙali kuma "dillali". Kayen ƙarshe: Albarka.

Na Jibiya:
A haɗa shi da nawa. Ɗan duwan ne, ba ya kama mutum sai ya tambaye shi takardu.

Malamin lakwal:
Zan cika layin yadda aka tsara, amma a cikin bayanina kalmar hali za ta fito, kada wani ya goge mini. Kuma ba mu taɓa maganar na kirki da mugu ba, waɗanda har yanzu kuke rubutawa fes da hil.

Mai riƙon zaure:
Ba mai gogewa, Malam. Fes da hil sai bayan karawar Asabar. Mai Tiya Biyu da ɗan duwan, kirarinku ya iso wa alƙalai kafin la'asar ɗin Juma'a.